Rawar hasken tauraro da ta layukan bakansa: daga ina take fitowa?

Ɗalibin Falaki ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a sashen fiziks, kuma aikin binciken da aka ɗora mini ya shafi hasken taurari. Na ɗauko bayanan wani tauraro mai kama da Rana daga rumbun da hukumar NASA ta buɗe wa kowa, cikin awon da kumbon Kepler ya yi, inda ake auna hasken tauraron kusan duk rabin awa. Tauraron ba ya cikin waɗanda aka sani da sauya haske, ba a kuma taɓa ganin wata duniya ta gilma ta gabansa ba, amma da na zana awon sai na tarar ɗigogin sun ƙi jeruwa a layi ɗaya. Suna hawa suna sauka kara-zube, da ɗan bambancin da bai wuce kashi 100 zuwa 200 cikin miliyan ba. Daga baya kuma na karanta cewa baƙaƙen layukan nan da ake gani a cikin bakan hasken tauraro, wato haskensa in an rarraba shi launi-launi kamar bakan gizo, su ma ba sa zama daram: zurfinsu da faɗinsu, har ma da gurbin da suke zaune, suna ɗan motsawa daga awo zuwa awo.

Abin da nake roƙo a warware mini shi ne, wannan rawa daga ina take? Ta na'ura ce, ko ta iskar duniyarmu, ko kuwa tauraron ne da kansa? In tauraron ne, me ke cikin iskar da ta lulluɓe shi da zai sa haskensa ya fito ba tsari, alhali wutar da ke cikinsa ta shafe biliyoyin shekaru tana ci daidai wa daida? Wani abokin karatuna ya ce in ɗauki matsakaici kawai in wuce, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin Fiziks ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗalibi, gara da zuciyarka ba ta kwanta ba, domin matsakaici yakan haɗiye ainihin abin da mutum ya zo nema. Sai dai kafin ka ɗora wa tauraron alhakin komai, akwai kason rawar da ba nasa ba ne, kuma wajibi ne ka fara fitar da shi.

Haske yana isowa ne ƙwaya-ƙwaya, waɗanda ake kira foton, kuma isowarsu ba ta bin jeri. Ko da tauraron bai sauya ko kaɗan ba, adadin da na'ura za ta ƙirga a wannan minti ba zai zo daidai da na minti na gaba ba. Abin daɗin shi ne wannan rashin tsari yana da ƙa'ida, wadda ke ɗauke da sunan masanin lissafin nan na Faransa, Poisson, da ya wallafa ta a 1837. In matsakaicin ƙirgenka 10,000 ne, yawancin awon zai kauce sama ko ƙasa da abin da bai wuce 100 ba, wato kashi 1 cikin 100. In kuma miliyan 1 ne, kaucewar za ta kai kusan 1,000, wato kashi 1 cikin 1,000. A kullum kaucewar ita ce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ƙirgen. Saboda haka duk mai son ya gane sauyin kashi 10 cikin miliyan, dole ya tara foton biliyan 10. Kada ka ɗauka wannan tsanani ne na banza, domin duniya mai girman tamu, in ta gilma ta gaban tauraro mai girman Rana, kashi 84 cikin miliyan kaɗai take ragewa daga haskensa, alhali Jupita tana rage kusan kashi 1 cikin 100.

To, aikinka na farko shi ne ka duba adadin da na'urar ta ƙirga a kowane awo, ka lissafa kaucewar da ƙirge shi kaɗai zai haifar, ka haɗa ta da ta na'urar kanta, sannan ka gwada da abin da ka gani a zanenka. Ka lura ba a haɗa su kai tsaye, sai an ninka kowace da kanta tukuna, a haɗa, sannan a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimillar. In lissafin ya zo daidai da abin da ka gani, to tauraron bai gaya maka komai ba tukun. In abin da ka gani ya ɗara, rarar ita ce abin bincike.

Iskar duniyarmu ba ta shafi Kepler ba, tunda tun daga watan Maris na 2009 da aka harba shi, can waje ya yi aikinsa yana zagaya Rana, yana kallon taurari kusan 150,000. Amma ta shafi layukan da ka ambata, domin yawancinsu daga ƙasa ake auna su. Iska mai zafi da mai sanyi suna cakuɗuwa a sama, kowane curi yana ɗan karkatar da hasken da ya ratsa shi, shi ya sa tauraro yake ƙiftawa sau da yawa cikin sakan ɗaya, musamman in ya yi ƙasa. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi Gamzaki da asuba ya san haskensa a natse yake, saboda shi duniya ne mai faɗin da za a iya aunawa, rawar wannan gefen nasa tana danne ta wancan. Tauraro kuwa nisa ya mai da shi ɗigo ɗaya tak. Hazon hunturu da siririn gajimare lamarinsu daban: sukan rage hasken dukan taurarin da ke fage ɗaya a tare, shi ya sa ake auna tauraro tare da maƙwabtansa domin a cire abin da suka yi tarayya a kai. Sannan wasu layukan ma ba na tauraro ba ne sam. Cikin fiye da 500 da Joseph von Fraunhofer ya jera a hasken Rana wajajen 1814, waɗanda ya sa wa A da B na iskar oksijin ɗin duniyarmu ne, kuma suna ƙara duhu in Rana ta sauka, saboda hasken yana ratsa iska mai yawa kafin ya iso.

Mai Nazarin Rana ta rubuta:

Malam ya share fage yadda ya kamata, ni kuma zan ɗora daga rarar da ya ambata, domin ina da ƙarfin zaton za ka same ta, ƙanena. Masu aikin Kepler da kansu sun tarar taurari masu kama da Rana sun fi rawa fiye da yadda aka yi hasashe kafin a harba shi.

Gaskiyarka ce, wutar tsakiya tana ci daidai wa daida, amma ba ita idonka ke gani ba. Makamashin yakan shafe dubban shekaru yana lallaɓowa waje, kuma a Rana, cikin kilomita kusan 200,000 na ƙarshe, iskar ce da kanta take ɗauko zafin ta taso da shi. Hasken da ke iso mana yana fitowa ne daga wani siririn sashe na sama, wanda kaurinsa 'yan ɗaruruwan kilomita ne kawai, a jikin da faɗinsa ya kai kilomita miliyan 1.39. Wannan sashe yana tafasa kamar tukunyar kunu a kan murhu: dunƙule mai zafi ya taso daga ƙasa, ya baje, ya saki zafinsa, ya huce, ya gangara ta gefe ya koma. Kowane dunƙule faɗinsa yana tsakanin kilomita 1,000 da 1,500, rayuwarsa kusan minti 10 ce, tsakiyarsa tana haske gefensa kuma duhu-duhu, kuma a kowane lokaci akwai miliyoyinsu a saman Rana. Hotunan da na'urar hangen Rana ta Inouye da ke Hawaii ta fitar a watan Janairun 2020 sun nuna su ɓaro-ɓaro. Ina ba ka shawara ka nemi bidiyon ka kalle shi a tsanake, za ka ga wani dunƙulen yana tsagewa biyu, wani yana tsukewa har ya ɓace, wani kuma yana ɓullowa a gurbinsa yana ture maƙwabtansa.

Babu mai iya cewa ga inda na gaba zai ɓullo, amma ƙa'idar ƙirgen da Malam ya kawo tana aiki a nan ma. Da yake miliyoyi ne, hasken wannan yana cike duhun wancan, abin da ke saura a hasken Rana gaba ɗaya bai wuce kashi gommai cikin miliyan ba. Tauraron da ya tsufa ya kumbura ya zama jan ƙato kuwa, jan nauyin da ke samansa ya yi rauni, dunƙulensa manya ne, ba su da yawa, kuma suna daɗewa, don haka rawarsa ta fi girma ta kuma fi jinkiri. Tun a 1975 Martin Schwarzschild ya kawo hujjar cewa tauraro irin Betelgeuse 'yan dunƙule ƙalilan ne suka mamaye samansa. A 2013 kuma Fabienne Bastien da abokan aikinta suka nuna, da bayanan Kepler irin waɗanda ke hannunka, cewa girman rawar da ke faruwa cikin ƙasa da awa 8 yana bin ƙarfin jan nauyin saman tauraro, har ana iya ƙiyasta ƙarfin daga rawar. Wannan sakamako yana burge ni ƙwarai, domin abin da abokinka ya ce a watsar shi ne suka mai da ma'auni.

Tafasar kuma tana da ƙara. Amon da take haifarwa yana maƙalewa a cikin tauraron yana kai da komo, har ya sa saman Rana yake ɗagowa yana komawa kusan duk minti 5, abin da Robert Leighton da abokan aikinsa suka gano a Mount Wilson da ke Kalifoniya a farkon shekarun 1960. Tsawon lokacin kaɗawar a ƙayyade yake, tsarin cikin tauraron ne ya yanke shi, amma ƙarfinta yana hawa yana sauka ba tsari, saboda abin da ke bugun ta shi ma ba shi da tsari.

Yanzu ga batun layuka. Tun aikin Kirchhoff da Bunsen a Heidelberg ta Jamus, wajajen 1859 zuwa 1860, aka san kowane sinadari yana tsotse haske a gurbinsa na musamman, kamar sodiyam da ke da layuka biyu a tsawon zangon nanomita 589.0 da 589.6 (nanomita kashi 1 ne cikin biliyan na mita). Abin da ɗalibai da yawa ba sa kawowa a rai shi ne, layin da muke gani ba daga wuri ɗaya ya fito ba. Kowane dunƙule yana aiko nasa. Wanda ke tasowa yana tunkaro mu da gudun kilomita 1 zuwa 2 a sakan, don haka layinsa yana gusawa zuwa ɓangaren shuɗi bisa ƙa'idar Doppler. Iskar da ke gangarawa tana nisantar mu, layinta yana gusawa zuwa ja. Da yake mai tasowa ya fi haske ya kuma fi faɗi, shi ke rinjaye, sai layin gaba ɗaya ya karkata zuwa shuɗi da 'yan ɗaruruwan mitoci a sakan, gefensa ɗaya kuma ya fi ɗaya gangara. Dainis Dravins na Lund a Suwidin ya yi fice wajen nazarin wannan karkata tun farkon shekarun 1980. Domin ka ga ƙanƙantar abin, gudun mita 300 a sakan yana gusar da layi ne da kashi 1 cikin miliyan na tsawon zangonsa. Tunda taron dunƙulen da suka haɗu suka ba da layin yanzu ba su ne za su ba da shi bayan kwata ɗin awa ba, dole zurfinsa da siffarsa da gurbinsa su riƙa ɗan motsi.

Ɗalibin Falaki ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Yaya, Allah ya ƙara sani. Na yi lissafin ƙirgen kamar yadda aka umarce ni, kuma lallai akwai rara. Amma bayanin Yaya ya taso mini da wata tambaya. Shin dukan layukan tauraro ɗaya suna rawa iri ɗaya ne, a lokaci ɗaya? In haka ne, ta yaya masu neman duniyoyi suke bambanta motsin tauraro na gaskiya da wannan motsi na samansa?

Mai Neman Duniyoyi ya rubuta:

Ɗan'uwa, tambayarka ta faɗo a kan abin da ya fi damun wannan fanni a yau. Ina girmama bayanin Malama, amma daga inda nake tsaye ba zan iya kallon rawar da farin cikin da take kallon ta ba, domin ita ce babban cikas tsakaninmu da gano duniya irin tamu ta hanyar motsin layuka, wato gusawar da layukan tauraro ke yi in duniyar da ke zagaya shi ta ja shi gaba da baya.

Ga adadin. Duniyar da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano a 1995 a Haute-Provence ta Faransa tana girgiza tauraronta, 51 Pegasi, da fiye da mita 50 a sakan, saboda haka rawar sama ba ta iya ɓoye ta ba. Jupita tana girgiza Rana da kusan mita 12.5 a sakan. Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal. Na'urar HARPS da ke La Silla a ƙasar Cile ta kai awon kusan mita 1 a sakan tun 2003, an kuma ƙera na'urar ESPRESSO ta Paranal, ita ma a Cile, da burin santimita 10. Na'urori sun kusa isa, taurari ne suka ƙi tsayawa. Kaɗawar minti 5 ba ta da wuyar sha'ani, domin in aka buɗe na'ura minti 10 zuwa 15 takan danne kanta. Tafasa ta fi wuya, shi ya sa ake maimaita awo sau biyu ko uku a dare ɗaya. Mafi muni shi ne maganaɗisu: inda ya yi ƙarfi yakan daƙile tafasar, karkatar shuɗin da Malama ta bayyana ta ragu a wurin, kuma da yake Rana tana juyawa cikin kusan kwana 27 a ganinmu, layukanta suna kai da komo da mitoci a sakan ba tare da wata duniya ta ja ta ba. A 2012 an sanar da duniya a kusa da tauraron Alpha Centauri B bisa motsin kusan rabin mita a sakan, a 2015 masana a Oxford suka nuna alamar ta samo asali ne daga jerin lokutan awon da yadda aka tace bayanan.

Amsar tambayarka kuwa ita ce a'a, ba sa rawa iri ɗaya, kuma a nan fatanmu yake. Duniya in ta ja tauraro, dukan layukansa suna gusawa da gudu ɗaya, siffarsu ba ta sauyawa. Tafasa ba ta yin haka. Layi marar zurfi yana samuwa ne can ƙasa inda tafasar ke da ƙarfi, don haka ya fi karkata. Tsakiyar layi mai zurfi tana samuwa a sama inda motsin ya lafa. Ana kuma sa ido a kan layukan kalsiyam biyu da ke nanomita 393.4 da 396.8, waɗanda tsakiyarsu ke ƙara haske in maganaɗisu ya tashi. Tun 2015 akwai ƙaramar na'ura a tsibirin La Palma na Sifaniya da ke shigar da hasken Rana dunƙule guda cikin HARPS-N, takwarar HARPS da ke can, domin a koyi rawar a kan tauraron da muka san duniyoyinsa.

Malamin Fiziks ya rubuta:

Ina so in ƙara abu ɗaya a kan ƙa'idar ƙirgen da na kawo, don kada a ɗauka ta ƙare a nan. Hasken da ke fitowa daga jiki mai zafi yana da ɗan ƙarin rawa a kan ta Poisson, domin foton ɗinsa sukan zo a ɗan cure. Curewar tana faruwa ne cikin ɗan lokaci ƙanƙani ainun: in aka tace hasken ya rage faɗin nanomita 1, kusan kashi 1 cikin tiriliyan na sakan ne, kuma gwargwadon sirantar layi gwargwadon tsawon lokacin. Ba za ka gan ta a bayanan Kepler ba. Amma a 1956 Robert Hanbury Brown da Richard Twiss sun yi amfani da ita, suka gwada rawar hasken tauraron Sirius a madubai biyu da ke nesa da juna, suka auna faɗin tauraron daga yadda rawar biyu ke dacewa. Daga baya na'urar da aka gina a Narrabri ta Ostireliya ta auna faɗin taurari 32 ta wannan hanya.

Mai Nazarin Rana ta rubuta:

Ban musa wa ɗan'uwana mai neman duniyoyi wahalar da ya faɗa ba, amma ya lura da cewa duk maganin da ya lissafa daga fahimtar tafasar ya fito. Wanda bai san tsayin da kowane layi ke samuwa ba, ba zai san wanda zai amince da shi ba.

Lissafin irin wannan rawa ya girmi neman duniyoyi. A shekarun 1940 Viktor Ambartsumian, wanda ya kafa cibiyar Byurakan a Armeniya a 1946, ya yi nazarin dalilin da ya sa farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata yake da haske a nan da duhu a can. Ya ɗauki gizagizan ƙura a matsayin abubuwan da suka warwatsu barkatai, ya nuna ana iya fitar da yawan hasken da kowane ɗaya ke tarewa daga girman bambancin. Chandrasekhar da Guido Münch suka faɗaɗa lissafin a farkon shekarun 1950. Tunanin yana aiki a iskar tauraro: in layi yana barin haske ya ratsa, kana ganin jimillar curi masu yawa a jere, rawarsu tana danne juna, in layin ya toshe, na gaba-gaba kaɗai kake gani, kuma halin rawar ya sauya. A taurari masu tsananin zafi irin na Wolf-Rayet, waɗanda ke fesar da iska da gudun sama da kilomita 1,000 a sakan, abin ya fito fili, domin Anthony Moffat da abokan aikinsa na Montreal sun nuna a 1988 cewa ƙananan tudai suna ɓullowa a kan faffaɗan layukansu masu haske, su yi ta gusawa daga tsakiya zuwa gefe na tsawon awoyi, sannan su ɓace. Kowane tudu curin iska ne da ke ficewa daga tauraron.

Ƙanena, tunda ka sami rara, mataki na gaba shi ne ka rarraba ta gwargwadon saurinta ta hanyar lissafin Fourier. Rawar ƙirge za ta kwanta shimfiɗe ɗaya a kowane sauri, ta maganaɗisu da baƙaƙen tabon da yake haifarwa a saman tauraro za ta taru a ɓangaren kwanaki, ta tafasa kuma za ta gangaro daga awoyi zuwa mintuna. Sai dai awon rabin awa ba zai nuna maka kaɗawar minti 5 ba. Kepler ya auna taurari kusan 500 a lokaci guda duk minti 1, don haka ka duba ko naka yana cikinsu. In ba ya ciki, ka ɗauko jan ƙato mai irin haskensa daga rumbun, wanda kaɗawarsa ke ɗaukar awoyi, ka yi masa lissafi iri ɗaya, ka ɗora zanen biyu a shafi ɗaya ka kawo mana nan mu duba tare.